Baba Koci Yana Jiran Talata

Malama ta tare mai shago a bakin ƙofar gida da bokitin ruwa a hannunta. Yana haki, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ga ihun gidan kallo na tashi daga ƙarshen layi kamar an ɓare kasuwa.

"Ina zuwa haka?"

"Wajen Baba Koci mana. Malama, sun ci! Wallahi sun ɗauki kofin. Biyu da ɗaya, ana dab da tashi yaron nan mai lamba tara ya..."

"Rage murya, don Allah."

Ta ajiye bokitin, ta waiga tsakar gida. Tagar Baba a rufe take ruf, an cusa tsumma a inda gilashin ya fashe, fanka na ta ƙara a ciki. Ta san yana kwance da auduga a kunnuwa biyu, kamar kowace Asabar.

Baba tsohon direban babbar mota ne. Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da na Malama a gidan hayar. Ƙungiya ɗaya yake bi tun yana saurayi, kuma rabonta da kofi tun ɗansa na rarrafe, ɗan da yanzu yake da furfura a gemu yana aiki a wani gari mai nisa. Koci kuwa 'yan layi suka laƙa masa, saboda daga kan kujerarsa yake sauya 'yan wasa, yana korar wanda ya ga dama.

Da can yana da dikoda, akwatin kamo tashoshin biyan kuɗi, ɗakinsa kan cika har waje. Da ciwon ƙoda ya kama shi, magani ya zama na kullum, sai ya daina biyan kuɗin wata. Bai taɓa cewa don magani ba ne. Ya ce wai sun cika talla. Ya nannaɗe dikodar a tsohon tawul ya tura ƙarƙashin gado, ya sa aka ɗaure masa eriya a jikin ƙarfen tagar Malama, don nan ne kaɗai hoto ke kamawa. Tashar kyauta ba ta nuna wasa kai tsaye. Sai ranar Talata da la'asar take maimaita babban wasan Asabar, da layuka suna yawo a fuskar 'yan wasan.

A nan Baba ya kafa dokarsa: daga Asabar zuwa Talata, ba mai gaya masa sakamako. Ya daina kunna rediyo. Idan zai fita, sai ya sunkuyar da kai kada ya ga rigar da samari suka sanya. Da farko an yi ta masa dariya, daga baya layin gaba ɗaya ya shiga ciki. Mai wanki kan katse hira in ya hango shi. Mai shago, wanda ke bin ƙungiyar da Baba ya fi tsana, kan cije leɓe har Talata ta wuce, sannan ya sauke masa zolayar mako guda a lokaci ɗaya.

"Baba, yaran nan sun yi wanka sun koma gidajensu tun Asabar, kai kana nan kana ce musu su ba da ƙwallo."

"A gidanku aka buga Asabar. A ɗakina yanzu ake bugawa."

Malama ba ta san komai a ƙwallo ba lokacin da ta tare a gidan. Aikinta juya eriya ne in ta dawo daga makaranta, Baba na ƙwala mata umarni ta bango. A hankali ta fara zama a bakin ƙofarsa da littattafan ɗalibai a cinya, tana duba aiki tana satar kallo, har ta kai tana gane satar gida kafin alƙalin wasa ya busa.

Yanzu ga mai shago a gabanta, idanunsa na ƙyalli kamar ƙungiyarsa ce ta ci.

"Ki matsa in shiga. Wannan ba irin na kullum ba ne. Mutumin nan kwance yake, labari mai daɗi ma magani ne."

"Ya sa na yi masa alkawari jiya. Ya ce ko da zan ga yana roƙo, kada in faɗa."

Labule ya motsa, Inna matar Baba ta fito da kofin shayi wanda ba a taɓa ba. Ta dubi fuskar mai shago sau ɗaya, ta gane komai. Ta dafa bango.

"Alhamdulillahi," ta ce a hankali. Sai ta ɗaga kai. "Amma kada wanda ya gaya masa. Likita ya sallame mu ne kawai, ba warkewa ya yi ba. Abinci ba ya shiga. Abin da ya rage masa yana tambaya shi ne yau wace rana. Talatar nan ce ke riƙe da shi. In kuka ba shi ita yau, gobe me zai jira?"

Mai shago ya sunkuya ya sa takalminsa.

Ranar Lahadi layin ya yi tsit fiye da kullum. Samarin da suka yi ta busa ƙahon babur jiya, mai shago ya bi su ɗaya bayan ɗaya, suka cire jajayen rigunan ƙungiyar Baba kafin su bi ta ƙofar gidan. Da hantsi shi ma ya shigo gaisuwa da burodi a leda. Malama na shanya a tsakar gida, tana jin su. Rabonsa da ganin Baba an kwana biyu, kuma abin da ya tarar a kan gadon ya kashe masa baki. Ƙafafu sun kumbura, wuya ya zama kamar na yaro. Bai yi zolaya ko ɗaya ba. Ya yi ta "sannu Baba, Allah ya ba da lafiya" da muryar da ba tasa ba, ya fito yana goge fuska da hularsa.

Ranar Litinin da yamma Malama ta shiga. Ɗakin na warin man zafi da magani. An jera kwalabe a kan talabijin, an ɗora Baba a kan matasai uku don numfashi ya samu hanya. A bango akwai hotonsa yana matashi, ya jingina da ƙofar babbar mota, hannu a ƙugu.

"Malama ce? Shigo, 'yata. Zauna inda zan gan ki."

Ta zauna a kan tabarma, ta gaishe shi, ta kafa ido a ƙafar gado. Ta yi niyyar ta riƙe fuskarta yadda ta saba, ba fara'a ba ɓacin rai. Amma da ya miƙo hannu ya ɗauki ruwa, ta ga kofin na rawa har yana bugun haƙoransa, sai idonta ya kawo ruwa ba shiri.

Baba ya daɗe yana kallonta.

"Kin yi kuka."

"Mura ce, Baba. Ƙurar alli."

"Hmm." Ya mayar da kai kan matashi. "Jiya mai shago ya zo. Mai shago fa, wanda ko gawa ya gani sai ya tambaye ta wace ƙungiya take bi. Ya zauna nan kamar liman, yana yi mini sannu. Na ce to, Koci, an yi muku kaca-kaca. In wannan ɗan banza ya tausaya maka, ai ba ɗaya aka zura ba."

"Baba..."

"Layi shiru. Ko ƙahon babur ban ji ba tun jiya. Inna in ta shigo sai ta kalli rufi." Ya yi wata 'yar dariya da ta koma tari. Malama ta tashi ta riƙe masa kafaɗa har ya lafa. "Ba komai. Mun saba. Mai tsaron ragar nan ne, na sani. Tun bara nake cewa a sayar da shi, hannunsa kamar an shafa sabulu."

Maganar ta zo mata har kan harshe. Kalma biyu ce kawai. Ta ja numfashi, ta ce, "Baba, ai wasan..."

Ya ɗaga yatsa ɗaya. Da ƙyar ya ɗagu, amma ya ɗagu.

"Doka, Malama."

A bakin ƙofa Inna na tsaye da kwano, tana girgiza mata kai a hankali, idanunta na roƙo. Malama ta dubi yatsan, ta dubi Inna. Gobe ce Talata. Gobe da la'asar zai ga yaron mai lamba tara da idonsa, zai ji abin a jikinsa yadda ya jira shi tsawon shekarun nan, ba a bakin wata malamar firamare ba. Dare ɗaya ne. Ta haɗiye.

"Zan dawo da wuri in gyara eriya," ta ce.

"Allah ya yi miki albarka. Ko an ci mu, a kalla. Ba a gudun yara don sun faɗi."

Washegari tana cikin aji, tana rubuta jimla a allo, wayarta ta yi ta motsi a jaka. Ba ta ɗauka a gaban ɗalibai, don haka ta bari sai da aka fita tara. Kira ne daga mai shago, da saƙo guda: ki zo gida.

Tun daga kwanar layi ta hango benci a ƙofar gida da tabarmi a inuwar bango. Takalman mata sun cika zaure. An riga an tafi da Baba maƙabarta. Bayan fitarta makaranta ya nemi a juya shi ɓangaren dama, Inna ta juya shi, ta fita ɗora ruwan zafi, kafin ta dawo rai ya yi halinsa. Ɗansa na hanya, ya ce kada a jira shi.

Malama ta zauna cikin mata, jakarta a cinya, allin makaranta bai bar yatsunta ba. Ana ta shigowa ana fita, ana "ya haƙuri", ana "Allah ya jiƙansa". Da mutane suka ɗan ragu, Inna ta yafito ta. Ta riƙe mata hannu da hannuwa biyu, tafinta a bushe da zafi.

"Da asuba ya ba ni saƙo gare ki."

Malama ta kasa ɗaga kai.

"Ya ce in gaya wa Malama kada ta baro aikinta saboda eriya. Ya ce ya riga ya ga wasan a fuskarki." Inna ta ƙara matse mata hannu. "Na so in faɗa masa a lokacin, 'yar nan. Wallahi na buɗe baki. Sai na ce bari dai la'asar ta yi. Ni na hana ku."

"Ni ma ina zaune a gabansa, Inna."

Wata maƙwabciya ta leƙo ta ce sukari ya ƙare, ga baƙi sun sake sauka. Malama ta miƙe da sauri ta ce za ta sayo, don ta samu ta fita daga ɗakin.

La'asar ta yi, rana ta karkata, inuwar gidaje ta rufe rabin layi. Daga nesa ta ga mutane tsaye a gaban shago, ta ɗauka wani abin ne ya sake faruwa. Da ta matso sai ta ga mazan da suka raka Baba maƙabarta da safe ne, ƙasar kabari ba ta bar takalmansu ba, wasu da wando a naɗe har gwiwa. Mai shago ya sauko da ƙaramin talabijin ɗinsa daga saman kanta, ya ɗora a kan akwatin lemo a bakin ƙofa, ya kamo tashar kyauta. Ya kashe sautin gaba ɗaya.

A cikinsu ba wanda bai ga wasan ba tun Asabar. Mai wanki na nan, hannu a ƙirji. Samarin babur na nan, ba mai taɓa waya. Mai shago ya auna mata sukari ba tare da ya dube ta ba, ya ɗaure ledar, ya miƙo, ya koma ya tsuguna.

Ta yi niyyar juyawa, ƙafarta ta ƙi. A cikin hoton mai yawo, wasa ya kusa tashi. Ƙwallo ta taso daga gefen hagu, yaron mai lamba tara ya yi tsalle tsakanin mutum biyu, raga ta motsa. Jajayen riguna suka ruga kusurwar fili suka zube a kan juna, bakuna a buɗe, ba sauti.

A gaban shagon ba wanda ya motsa. Wata akuya ta ratsa tsakanin ƙafafunsu ta wuce. Malama na tsaye da ledar sukari a ƙirji, tashar na sake nuna ƙwallon a hankali, daga wani ɓangaren.