Katin Jar Akuya

Alhaji Ɗantsoho ya ajiye ƙunshin katunan a kan tabarma da yatsu biyu, kamar wanda ya tsinci mataccen ɓera a rumbu.

"Wannan mene ne?"

Haulatu ta durƙusa a gefen tabarmar. Ko babbar riga bai cire ba, da warin tumakin kasuwar Mai'aduwa a jikinsa ya wuce ɗakinta ya ɗauko su. Ta san inda maganar ta fito. Maƙwabcinsu Malam Mati ya leƙa shagon ɗab'i inda take zanen katin biki, ya ga ana yanka katuna, shi kuwa mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa.

"Wasa ne na ƙirƙira, Baba. Sunansa Garke."

"A tsakiyar kara, gaban mutane, aka ce mini 'yata na buga karta. Shekara talatin ina dillancin dabbobi ba a taɓa ganina wajen 'yan caca ba. Abin da za ki kai Kano gobe ke nan? To, an fasa."

Shekara biyu ta yi tana zanen katunan nan. Da ƙyar ta sami tebur guda a baje kolin matasa masu ƙirƙira da za a yi ranar Talata, har Gwaggo Maimuna ta share mata ɗaki a Kano. Makon jiya ya ba ta izini da bakinsa. Yanzu ga shi ya karɓe, hawaye suka cika mata ido.

Mahaifiyarta Shatu, da ke tankaɗe a ƙofar madafa, ta ce, "Alhaji, gani ya kori ji. Ka buɗe mana tukuna."

Ya buɗe don dai a ce ya buɗe. Katin farko rago ne fari, ƙato, mai dogayen kunnuwa. Ya kai shi kusa da ido, ya janye shi nesa.

"Balami ne wannan," ya ce, ba da son ransa ba. Ya ɗaga na biyu. "Uda, gaba baƙi baya fari. Wa ya nuna miki?"

"Kai, Baba. Tun ina ƙarama nake zama a garkenka."

Ya yi gyaran murya, ya ƙi kallonta. Ita kuwa da ta ga ƙofa ta ɗan buɗe, sai ta kutsa. Ta ce goma-goma ake sayar da su a ƙunshi, kowa ya tara irin garken da yake so, ana musaya tsakanin abokai. Tunkiya 'yar ƙasa tana ko'ina, farin raƙumi kuwa sai an sha nema. Ba a zuba kuɗi, wanda aka cinye ma da katunansa yake tashi. A kowane zagaye mutum zai ja kati ɗaya, kowace dabba da ke gabansa ta ci katin ciyawa ɗaya, wadda ta rasa abinci ta fita. Wanda ya riga tara kai goma shi ya ci.

"Wannan jan rubutun na ƙasa fa?"

"Kowace jar kalma doka ce, Baba. Maimakon a cika kati da bayani, sai a sa kalma ɗaya da ɗan layi a ƙarƙashinta, duk inda ka gan ta aikinta ɗaya ne. Ragon da aka rubuta wa Tunkuyi yana korar dabbar abokin wasa daga ciyawa zagaye guda. Raƙumin da ke da Juriya yana tsallake zagaye bai ci komai ba."

Alhaji ya naɗe hannun riga. "Raba mu gani, don in san abin da nake hanawa."

Shatu ta sunkuyar da kai kan rariya don kada a ga bakinta.

Mutumin da ke kallon bijimi sau ɗaya ya faɗi kuɗinsa ba ya buƙatar a maimaita masa dokar wasa. Kafin zagaye na shida yana da kai bakwai, Haulatu huɗu, har ya fara kaɗa ƙafa. Sai ta zaro katin jar akuya, ta miƙa hannu ta ajiye shi a gabansa.

"Kin yi ɓatan kai. Nan wajena ne."

"Dubi kalmar, Baba. Kiwo. Na ba ka ita, za ka ciyar da ita zagaye biyu, sannan ta dawo mini da 'ya'ya biyu."

Ya ciyar. Ciyawarsa ta ƙare, udarsa ta fita don yunwa. Haulatu ta ɗauke akuyarta da 'ya'ya biyu, ta sake ajiye masa wata. Kafin ya gama salati ta cika goma.

Ba ta yi murna ba, don ta san wannan ciwon. Duk wanda katin Kiwo ya faɗo hannunsa shi ke ci, ƙawayenta da suka gwada wasan har sun fara ƙin zama. Ta taɓa rage 'ya'yan, wasa ya yi lami. Ta ƙara zagaye, abin ya ƙara muni. Ta haƙura ta buga shi haka, tana fatan mutanen Kano ba za su lura ba.

Alhaji ya buga tafin hannu a tabarma. "Wannan zalunci ne! In ciyar, in shayar, in tashi hannu wofi? A wane gari ake kiwo haka? Shatu! Akuyarki ta fari, yaya aka yi kika same ta?"

"Marigayiya Zubaida ce ta ba ni tata kiwo, ina amarya. Haihuwa biyu nata, ta uku tawa. Duk awakin da ke bayan gidan nan jikokinta ne."

"Kin ji! Mai kiwo yana da rabo. Kuma ba a ɗora wa mutum dabba dole. In ya duba rumbunsa ya ga babu harawa, sai ya ce a yi haƙuri, a kai gaba."

Haulatu ta shiga lissafi a ranta. Idan mai kiwo zai riƙe ɗa ɗaya, mai akuya sai ya yi tunani kafin ya bayar. Idan kuma ana iya ƙi, wanda aka kawo wa sai ya auna ciyawarsa da ribarsa. Ta zabura ɗaki ta ɗauko biro, ta soke layin da ke ƙarƙashin jar kalmar ta rubuta sabo.

"Sake rabawa," in ji Alhaji.

Wannan karon wasa ya yi wasa. Ta kawo masa akuya ya ƙi, yana shafa gemu kamar an taya masa sa da arha. Ta sake kawowa bayan ya tara ciyawa, ya karɓa da hannu biyu. Suka tafi kai da kai, tara da tara, har ɗan akuyar da ya samu na kiwo ya cika masa goma. Dattijon da ko ranar Sallah sai an roƙi murmushinsa ya kece da dariya har hularsa ta faɗi. Shatu ta bar tankaɗen ta zo ta tsaya a kansu tana ba 'yarta shawarar da ba a tambaye ta ba. A wasa na uku Haulatu ta rama, farin ciki ya cika ta har tana tafi kamar yarinya.

Rana ta yi sanyi, kaji suka fara neman akurki. Alhaji ya tattara katunan, ya gyara hula, fuskarsa ta koma yadda ya shigo da ita.

"Na gani, ba caca ba ce. Amma sauran katunan da kika buga, tsohuwar dokar ce a jikinsu?"

"Ita ce, Baba."

"To, ba za a ce 'yar dillali daga Daura ta je Kano tana koya wa mutane cin haƙƙin mai kiwo ba. Wannan ba zai bar gidana ba."

Murnar Haulatu ta koma ciki. Shagon ɗab'i a rufe yake yau Lahadi, ko da a buɗe yake ma ba a fafe gora ranar tafiya.

"Guda nawa ne masu kalmar Kiwo?" ya tambaya.

"Sittin."

"Shatu, duba aljihun rigata ta Juma'a, akwai biro. Ki nemo naki ke ma."

Ya jawo katin jar akuya ɗaya, ya ɗora a kan gwiwa, ya ajiye wanda ta gyara a gefe yana kwafa harafi bayan harafi, da rubutunsa na yaƙi da jahilci mai manyan ƙafafu. Bai ɗago kai ba ya ce wa Haulatu, "Motar Mahdi direba za ki shiga, ta ƙarfe bakwai. Shi ba ya gudu."