Injin Sabiru

Kallamu ya haura shekara sittin, amma har yau in ya ji an ce "injin Sabiru ya tashi" sai ƙirjinsa ya ɗau zafi. Kuma kullum sai ya ji. Yarinya ta ci jarrabawa, injin Sabiru ya tashi. Tumatir ya yi daraja a kasuwar Ɗanbatta, injin Sabiru ya tashi. Har a bayan wata motar haya an rangaɗa shi da jan fenti. Samarin yanzu wai cewa suke Sabiru ne ya fara kawo injin ban ruwa yankin Watari, shi ya sa ake ambatonsa in abu ya yi kyau. Ƙarya tsagwaronta. Sabirun da ko keke ba shi da shi a lokacin.

Ga yadda aka yi. Shekara talatin da suka wuce ana gayyar dashen tumatir, kowa ya sunkuya, sai tusa ta ƙwace wa Kallamu, mai ƙara kuwa, ga surukinsa a bayansa. Kafin kowa ya ɗago ya nuna abokinsa Sabiru da ke gefe ya ce, "To, injin Sabiru ya tashi." Aka kwashe da dariya. Magana ta bi gari, duk wanda iska ta kuɓuce masa da ita ake tsokanarsa. A hankali aka manta da tusar, sunan ya rage.

Hassada ta hana Kallamu sakat. Maganar tasa ce, tusar ma tasa, amma wani ke shan gaisuwa.

Ran sunan jikan Sabiru, maroƙi ya ɗaga murya yana kirari da injin nan, mutane na ta murmushi. Kallamu ya ture wainar da ke gabansa. Ya miƙe.

"Jama'a, babu wani inji. Tusa ce. Ni na yi ta, ni na ƙirƙiro maganar na ɗora masa. Sunana ya kamata a riƙa kira."

Sabiru ya aje kofin kununsa, ya dube shi ba fushi.

"Ai na sani tun ranar, Kallamu. Shekara biyar yara na bi na a hanya suna ƙarar inji da baki. Ikilima da nake nema da aure, saboda maganar nan ta ce ta fasa. Ban tona ka ba don kai abokina ne. Duk shekarun nan ba ka zo ka ce taka ce ba, sai yau da ta zama abin ado. Zauna ka ƙarasa wainarka."

Kallamu ya waiga ko zai ga mai dariya, ya ga kowa ya sunkuyar da kai. Ya zauna.