Bugun da Mama Arlene Take Haɗiyewa

Mutanena, ina gaisuwa. Masu sharhi barkanku, masu leƙe ku wuce shiru kamar ɓarayin kaji ku ma na gan ku. Yau labarin ƙungiyarmu ta 'yan koyon piyano na kawo muku. Wanda ya zo neman dariya zai ɗan samu a farko, daga baya kuma sai haƙuri.

Duk Asabar da hantsi ake haɗuwa a ɗakin ƙasa na wani coci a garin Duluth na Amurka, inda akwai tsohuwar piyano da tukunyar kofi wadda ta girme ni. Babu ƙwararre ko ɗaya. Kowa sai da ya girma sannan ya ce shi lallai sai ya iya kiɗan barok, kiɗan nan na mutanen da masu hular gashi, wanda hannun dama ke nasa zance, na hagu ke nasa, kuma dole su isa gida tare.

Doka ɗaya ce a wurin, Baba Duane Maki ne ya kafa ta: ba a kushe. Shi yana yaro malamarsa ta riƙa dukan yatsunsa da rula, ya gudu bai sake taɓa piyano ba sai da ya yi furfura. Saboda haka in mutum ya gama kiɗa, ana zagayawa kowa ya faɗi abu ɗaya mai kyau. Ko ka yi wa kiɗan kisan gilla, sai an samo maka wani abu.

"Kai, yadda ka zauna a kujerar nan," in ji Baba Duane ga wani rannan, "sai ka ce a kanta aka yanke maka cibi."

To, akwai Curtis Lahti, mai shagon tabarau. Mutumin kirki ne, sai dai Allah ya jarrabce shi da ƙirga. Ko ruwa ke ɗiga a famfo, ƙafarsa na bin sa. Shi ya sa tun ranar farko ya ji abin da Mama Arlene Sundqvist take yi.

Mama Arlene tsohuwar ma'aikaciyar gidan waya ce, ta haura saba'in, ita ke kawo mana kek ɗin lemun tsami. Kiɗa ɗaya take koyo kusan shekara biyu, mai tafiyar hawainiya, mai daɗi. Can ƙasan shafin farko akwai wani sauti da ya kamata a riƙe shi bugu biyu. Ita bugu ɗaya take ba shi ta yi gaba abinta. Ji za ka yi kamar kana saukowa daga bene ka tsallake matakala ɗaya. Kowa ya sani. Baba Duane ma har tari yake yi daidai wurin, wai don ya rufa mata asiri. Sai a zagayo, Curtis ya ce, "Mama, hannunki na hagu kamar ruwan sanyi."

A haka aka yi ta tafiya, har ranar da ta shigo da faranti tana murmushi kunne zuwa kunne.

"Jikata Kelsey za ta yi aure. Ta ce ba ta son kiɗan waya, ni take so in kaɗa mata ta shigo."

Aka ɗauki tafi. Baba Duane ya ce, "Arlene, kin zama tauraruwa, to kar ki manta da mu talakawa."

"Rufe mini baki, tsohon banza. Curtis, kai za ka juya mini shafi." Ta ɗan rage murya. "Uwar angon fa malamar piyano ce, an ce har ɗalibanta suna cin gasa."

Nan take Curtis ya tuna bugun nan da take tsallakewa.

A ranar, ƙanƙara ta kama titi, gidanta kuma a kan tudu yake, sai ya ce ta zo ya sauke ta. Suna tafiya a hankali, farantin a cinyarta. Da suka tsaya a ƙofar gida ba ta fita ba.

"Ɗan nan, yanzu ba ma cikin coci, dokar Duane ba ta hau motarka ba. Ka dube ni. Akwai abin gyara?"

"Mama, ai kiɗanki..."

"In ka sake ce mini ruwan sanyi zan kifa maka farantin nan a ka."

Ya kalli sitiyari. Ya tuna uwar ango zaune a layin gaba tana ƙirgawa. Ya tuna kuma cewa duk sauran jama'ar cocin ba wanda zai gane. Bakinsa ne ya riga shi yanke shawara.

"Akwai bugu ɗaya da kike haɗiyewa. A ƙasan shafin farko."

Ta zaro takardar kiɗan daga jaka, ta ɗora tabarau, wanda ma shi ya yanka mata. Ya nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana kallo, leɓenta na motsi.

"Tun yaushe?"

"Tun... tun farko."

"Kowa ya sani?"

Ya gyaɗa kai.

"Tarin Duane ke nan," ta ce. "Ni kuwa har maganin mura na kawo masa."

Ta dafa masa hannu ta ce ta gode, ta ce abu ne mai sauƙi, bugu ɗaya ai ba dutse ba ne. Da sauran makonni kafin biki.

Jama'a, wanda bai taɓa koyon kiɗa ba ba zai gane ba. Kan mutum ne ke karanta takarda, amma hannu ne ke haddacewa, kuma hannu ba ya jin lallashi. Abin da ya maimaita shekara biyu ya zama nasa. Asabar ta gaba Mama Arlene ta zauna, ta fara lafiya lau. Tana isowa wurin, kai ya ce riƙe, hannu ya ce wuce, sai yatsun suka tsaya cak a sama kamar kazar da ta ga shaho. Ta koma farko. Ita dama daga farko kawai ta iya tashi, kamar yawancinmu. Ka ce mata ta ɗauka daga tsakiya, kamar ka ce ta fara hawan tsani daga sama ne. Ta sake isowa, ta sake tsayawa.

Baba Duane ya ja Curtis gefen tukunyar kofi.

"Kai ne ko?"

"Baba, ita ta tambaye ni."

"Ni ma matata takan tambaye ni ko ta yi ƙiba. Ka ga na mutu?"

Curtis ya yi duk abin da ya sani. Ya kai mata ɗan agogon nan mai ƙwas-ƙwas da ake saita bugu da shi, ta ce yana sa mata faɗuwar gaba. Ya zagaye wurin da jan biro, abin ya ƙara muni, don tun daga saman shafi idonta ke hango jan yana jiranta. Ya sa ta tafa da hannu, ta tafa daidai. Ya sa ta rera da baki, ta rera daidai. Ta ɗora hannu a piyano, cak. Da ya ga ba ci, sai ya sauke kai ya ce, "Mama, ki koma yadda kike yi da. Wallahi ba wanda zai lura."

Ta gwada. Shi ma ya ƙi. Tsohuwar hanyar ta toshe, sabuwar ba ta buɗe ba.

"Da ban san da ramin ba tsallake shi nake yi," ta ce. "Yanzu da na san yana nan, sai in tsaya a bakinsa ina leƙe."

Garin neman gira an rasa ido ke nan. Ya ce ko a gaya wa Kelsey a nemi wani. Ta ce yarinyar ta riga ta gaya wa duniya kakarta ce za ta kaɗa, kuma jiya a gida sau ɗaya ta wuce wurin, saboda haka wataƙila. Da wannan wataƙilar suka tafi biki.

Ranar biki, cocin ya cika. Mama Arlene cikin shuɗiyar riga, Curtis tsaye a hagunta, yatsunsa a kusurwar shafi suna zufa. Ta fara, kuma ban taɓa jin ta kaɗa shi da daɗi haka ba. Ƙawayen amarya suka shige ɗaya bayan ɗaya. Kelsey ta bayyana a bakin ƙofa riƙe da hannun babanta, jama'a suka miƙe. Daidai nan jan biron ya iso.

Cak.

Amarya ta tsaya, ita ma. Mama Arlene ta ja numfashi ta koma farko. Kelsey ta yi murmushi ta tako a hankali, tana ba kakarta lokaci. Curtis ya sunkuya yana raɗa mata, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu, yana ji a ransa da ana ba da aron hannu da ya cire nasa ya ba ta. Suna gangarowa ƙasan shafi ya ga kafaɗarta ta ɗaure. Ya san abin da zai faru, kuma ba shi da abin yi sai kallo.

Ragowar tafiyar amarya a shiru aka yi ta, ba ka jin komai sai ƙarar takalminta a kan katako. Fasto ya gyara murya ya fara. Shafin da aka kawo Curtis ya juya, ko sau ɗaya bai juya shi ba. Ya saci kallon layin gaba. Uwar ango fuskarta na cikin hankici tun shigowar ɗanta, kuka take sha, ba alamar ta ƙirga komai.

Bayan an ɗaura, ana can ɗakin ƙasa ana rabon kofi da burodi da naman alade, Kelsey ta zo ta rungume kakarta ta ce ba komai, ita ta ji daɗi. Mama Arlene ta ce to. Da yarinyar ta tafi sai ta rufe takardar, ta juyo wajen Curtis.

"To, ɗan nan. Na gama kiɗa. Doka ta ce ka faɗi abu ɗaya mai kyau."

Ya buɗe baki. Hannun hagu, zaman kujera, rigar, duk suka zo masa suka koma. Ta jira shi har ta gaji, sannan ta miƙa masa takardar ta ce ya riƙe mata, za ta je a yi hoto.

Takardar tana motarsa har yau. Kek ɗin lemun tsami kuwa yana zuwa duk Asabar, maƙwabciyarta ke ajiye mana a bakin ƙofa.

To mutanena, ku ne a motar nan, tsohuwa ta tsare ku da ido ta ce a faɗa mata gaskiya. Me za ku ce mata? Kar wanda ya ce mini ruwan sanyi.