Ba Birki Ba Ne

Da turi Zacharias ya shigo da babur ɗinsa rumfar Manniru bakanike a Karu, gwiwar wandonsa a yage, zufa ta jiƙa masa riga.

"Birki ne," in ji shi tun kafin su gaisa. "Birki ya ci amanata a Mararaba."

Manniru ya ajiye sifana ya ba shi benci. Duk Karu babu wanda bai san babur ɗin nan ba. Zacharias ya saye shi tun yana sabon masinja a ma'aikata, ga shi har ya yi ritaya bai rabu da shi ba. Tsohon ƙira ne, silinda biyu, salansa biyu, irin mai ƙona fetur tare da baƙin mai, yana tafe yana barin shuɗin hayaƙi a baya. Kukansa siriri ne, tun daga kwana ake gane shi.

"Me ya faru, Baba?"

"Wata mata ce da goyo, tana tsallaka titi. Na taka, na matse, ya ƙi tsayawa. Madubi ya gogi zanin goyon. Ƙafar yaron, Manniru. Tazarar ɗan yatsa ɗaya ta rage in taɓa ta. Na faɗi gefe, mutane suka taru suna zagina."

Manniru ya durƙusa gaban babur ɗin. Ya kwance tayar gaba, ya duba takalman birki, ya shafa su da yatsa. Ya ja wayar birki, ya mayar da komai. Sannan ya buga kik, injin ya tashi bugu ɗaya. Ya fita layi da gudu, ya dawo, ya taka birki a bakin rumfa. Babur ya tsaya cak, taya ta zana baƙin layi a ƙasa.

Zacharias ya kalli baƙin layin. Ya so a ce wani abu ya karye.

"To kabureta ce," ya ce da sauri. "Totur yana maƙalewa. Ko famfon mai. Ka san injin nan, in ya ɗau zafi sai ya yi ta fizga."

Manniru ya kwance fulogi ɗaya, ya miƙo masa a tafin hannu.

"Kai ka koya mini karatun fulogi, Baba. Duba mini bakinsa. Ya yi baƙi ne, ko ya yi fari?"

Zacharias ya kai shi kusa da fuska. Ya nesanta shi. Ya juya wajen hasken rana. Abin da yake gani kawai wani dusu-dusu ne, kamar an shafa mai a kan gilashi. Tun bara abin ya fara, yana ɓoye wa 'yarsa Patricia, yana cewa tabarau ne suka tsufa.

"Baƙi," ya ce.

Manniru ya sunkuyar da kai. "Sabo ne, Baba. Makon jiya na sa maka."

Motoci suna ta wucewa zuwa Nyanya. Zacharias ya daɗe yana juya fulogin a hannu.

"Ban gan ta ba," ya ce a hankali. "Sai da ta yi ihu."

"Ana aikin ido yanzu, mutane suna warkewa."

"In ban warke ba fa? Coci, kasuwa, gaisuwar mutuwa, duk sai na jira wani ya kai ni?"

Manniru ya karɓi fulogin daga hannunsa. Ya ɗaura shi, ya goge hannu da tsumma, ya ja ƙyauren rumfa ya rufe da rana tsaka.

"Taso in kai ka gida. Ni zan yi wa Patricia bayani, in ba za ka iya ba."

Zacharias ya tsaya yana kallon kujerar baya. Ya ɗauki matarsa a kanta, ya ɗauki buhunan masara, ya ɗauki marasa lafiya, amma shi bai taɓa zama a wurin ba. Ya ɗaga ƙafa da ƙyar ya hau. Injin ya tashi a ƙarƙashinsa, hannuwansa suka miƙa gaba da kansu, ba su sami abin kamawa ba.

"Riƙe ni, Baba," in ji Manniru.

Ya riƙe shi.