Iyakar Katin Lukmanu

"Oga, ya sake ƙi," in ji mai karɓar kuɗin. Ta zare katin daga na'urar POS ta turo masa ta ƙasan gilashi.

Lukmanu bai ɗauka ba. "Sake gwadawa. Matsalar sabis ce."

"Sau uku ke nan. Ba sabis ba ne. Cewa yake kuɗin sun wuce iyakar katin."

Mutum biyar ne a bayansa a layi, kuma duk sun ji. Yayarsa Hansatu ma ta ji, tana tsaye gefe rungume da fayil ɗin asibiti. Can kan benci mahaifiyarsu, Inna, na zaune da carbi, tana kallon inda take jin muryarsa, don ciwon yanar ido ya rufe mata idanu biyun. Tun asuba Hansatu ta taho da ita daga Karshi zuwa wannan asibitin ido na kuɗi da ke Garki. Likita ya ce in an biya naira dubu ɗari bakwai da tamanin kafin ƙarfe uku, gobe da safe za a yi aikin. In ba haka ba sai ya dawo daga tafiya, nan da mako uku.

Lukmanu ne ya hana kowa sa hannu. Da ƙannensa suka kawo maganar karo-karo, cewa ya yi, "Ku bar shi, ina da katin bashi yanzu." Kuɗin shagonsa na ɗab'i da ke Area 10 duk sun maƙale a wani aikin kalanda da ba a biya shi ba tukuna, amma wannan bai faɗa wa kowa ba.

"Lafiya dai?" Hansatu ta tambaya a hankali.

"Lafiya lau, Yaya. Shirmen banki ne. Ku jira ni, yanzu zan dawo."

Sabon bankinsa na Wuse 2 ne, mai sanyi da ƙamshi da kujeru masu laushi. Ma'aikacin da ya ba shi katin makon jiya ya tarbe shi da fara'a, ya duba kwamfuta, ya ɗan juyo masa da ita.

"Oga, iyakarka dubu ɗari da hamsin ce. Tana cikin takardar da muka haɗa maka da katin."

Takardar na cikin motarsa, ko buɗe ta bai yi ba.

"Dubu ɗari da hamsin? Ka san nawa ke shiga asusun nan?"

"Na gani, oga. Amma wata takwas kacal ka yi da mu. Kuɗi su shigo da safe, kafin la'asar sun fita. Ba mu taɓa ba ka rance ka biya ba, balle mu san halinka. Masu sa iyakar ba fuska suke dubawa ba, tarihi suke dubawa." Ya rage murya. "Ba ka da wani tsohon banki? Inda aka daɗe da saninka, can ne za ka samu da yawa."

Yana da shi. Shekara goma sha huɗu ya yi da su.

A cikin mota ya zauna ya kifa kai kan sitiyari. Bara, kuɗin da ya tura wa dillalin takarda a Legas suka yi kwana uku ba su isa ba. Ya shiga tsohon bankin da ke Area 3, ya tsaya a tsakiyar jama'a ya zazzage Madam Magdalena, mai kula da asusunsa tun yana da injin kwafi guda ɗaya. Ya kira ta malalaciya. Bai tsaya nan ba, ya rubuta ƙara zuwa hedikwata da cikakken sunanta. Bayan mako guda kuɗin suka dawo, sai ya gano shi ne ya juya lambobi biyu a lambar asusun dillalin. Ita ce ta bi sawun kuɗin har ta ƙwato su. Bai janye ƙarar ba. Ya kwashe harkokinsa ya koma Wuse 2, in ta kira shi kuma sai ya kife wayar.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya tayar da motar.

Yana shiga tsohon bankin ya nufi matakala, don ofishin Madam Magdalena a sama yake. Mai gadi ya tare shi ya nuna masa wani ƙaramin tebur kusa da ƙofa, inda ake kai kukan katin da ATM ya haɗiye. Tana nan zaune, tana taya wani tsoho cike fom. Ya jira har ta gama.

"Malam Lukmanu," ta ce, kamar jiya suka rabu. "Zauna mana. Ya iyali? Ya Mama?"

Ya zauna a bakin kujerar. "Madam, yaushe aka sauko da ke nan?"

"An kwana biyu. Me zan yi maka?"

"Saboda takardata ne?"

Ta gyara gilashinta. "Lokacin ƙarin girma ne ta iso. Ka san su, ba sa tambaya sau biyu."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya kalli tebur, ya kalli takalminsa. Da ƙyar ya ba ta labarin Inna da katin da ƙarfe uku. Ba ta katse shi ba. Ta buɗe asusunsa ta daɗe tana dubawa.

"Ka ga," ta ce, "watan Yunin bara an amince maka da kati na miliyan uku. Ba ka ma nema ba, tarihinka ne ya jawo. Shi ya sa na yi ta kiranka."

"Yanzu fa?"

"Ya wuce. Asusun ya yi wata takwas ba motsi, ya kwanta. Zan iya tayar maka da shi yau, amma kati sai ka yi wata shida kana harka da shi, su sake dubawa. Ko manaja ba zai iya ba kafin ƙarfe uku, kar in yaudare ka."

"Madam, ni ne na yi kuskuren lambar nan. Na sani tun bara."

"Ni ma na sani."

"Ki yafe mini."

"Na yafe tun tuni, ko don in samu in yi addu'a da zuciya ɗaya." Ta zaro fom ta ajiye masa da biro. "Cike wannan, a tayar da asusun."

Ya cike. Sannan ya roƙi farar takarda, ya rubuta wa hedikwata cewa ƙarar da ya kai bara ba gaskiya ba ce, laifinsa ne, ya sa hannu da lambar waya. Ta karanta, ta buga mata hatimin karɓa, ta sa a tire. Bai sani ba ko takardar za ta mayar da ita sama. Da alama ita ma ba ta sa rai ba.

Ƙarfe biyu da rabi ta wuce lokacin da ya koma asibitin. A hanya ya shirya ƙarya kala uku, amma da Hansatu ta taso ta tare shi a baranda, duk suka gudu.

"Yaya, babu. Katin dubu ɗari da hamsin kawai yake ɗauka. Shagon ma ba kuɗi, ba a biya ni aikina ba."

Ta dube shi, ba faɗa a fuskarta. "Shi ne tun safe ba ka faɗa ba, kana ta yawo cikin rana?"

Ta buɗe jakarta, ta ciro wata 'yar leda baƙa da ta naɗe da kyauron roba. A ciki akwai kati, ko takardar da ke manne a jikinsa ba a ɓare ba.

"Irin wannan ne? Bankinmu na Karshi ne suka ba ni da azumi. Shekara goma sha ɗaya kullum in na tashi daga rumfa sai na kai musu cinikin masara da wake, ko dubu biyar ce. Suka ce wai na cancanta. Ni tsoron kuɗin ruwa ya sa ban taɓa shi ba, amma yarinyar bankin ta ce in na mayar kafin wata ya cika ba ruwa. Ina da buhu arba'in a sito, ranar kasuwa zan fitar."

"Nawa suka ce iyakarsa?"

"Miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, in ban manta ba. Zo ka nuna mini yadda ake yi, ban iya ba."

Suka koma gaban gilashin. Mai karɓar kuɗin ta gane shi, ta kawar da kai don kar ta ƙara masa. Hansatu ta danna lambobinta da yatsa ɗaya, tana motsa leɓe. Na'urar ta yi shiru, sannan ta fara fitar da rasit. Lukmanu ya karɓa, ya ga sunan yayarsa a jiki, ya sa a fayil.

Inna ta ji takunsu ta ɗago kai. "Lukmanu ne? An biya?"

"An biya, Inna," Hansatu ta yi saurin amsawa. "Gobe da safe in sha Allahu."

"Alhamdu lillahi. Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Na faɗa wa mutanen Karshi, ina da ɗa a Abuja." Ta miƙo hannu tana laluben kansa.

Hansatu ta yi masa alama da ido kada ya faɗa. Ya durƙusa a gaban bencin, a kan tayil ɗin asibitin, ya kama hannun kafin ya kai kansa, ya ja shi a hankali ya ɗora a kan hannun yayarsa.

"Ba ni ba ne, Inna," ya ce. "Yaya Hansatu ce ta biya."