Katangar Elda Barnabas

A cocinmu da ke unguwar Vittin, duk ranar Jibin Ubangiji sai an yi wankin ƙafa, maza gefe, mata gefe. Elda Barnabas, babban dattijon cocin, yakan wanke ta Fasto ce kawai, wadda dama tas take, ya koma kujerarsa yana goge hannu. Mutum ne da in ya amsa maka gaisuwa sai ka ji kamar kyauta ya ba ka. Ni dai ban taɓa ƙaunarsa ba, Allah ya yafe mini.

Bara ya zagaye sabon gidansa da katanga, ya toshe hanyar da ruwan unguwa ke bi. Tun daga nan, ko yayyafi aka yi sai ruwa ya kwanta a gidan maƙwabcinsa, Baba Andani, tsohon da ke zama a bencin baya. Ɗakin lakar tsohon har ya fara tsagewa. An roƙi Elda, an turo manya, ya ce filinsa ne.

Wata Lahadin Jibin Ubangiji, tsakiyar damina, Fasto ya ce kowa ya wanke ƙafar wanda ke bayansa. Elda ya makara, bencin gaba ya cika, ya zauna can baya, sai ga shi da kwano a gaban Baba Andani. Ya durƙusa yana ɓata rai, ya zare wa tsohon silifa. Sai muka ga hannunsa ya tsaya.

Cin ruwa ya gama da ƙafar. Tsakanin yatsun ya yi fari fat, ya dare, yana tsatsar jini.

“Me ya same ka haka?” in ji Elda.

“Ruwan katanganka ne,” Baba ya ce, ba ko fushi. “Ciki nake kwana, ciki nake tashi. Yi a hankali, yana zafi paa, sosai.”

Elda ya wanke ƙafar daman. Sai ya miƙe, ya fice ba takalmi. Muka dubi juna baki buɗe, na ce a raina girman kai ya motsa, mutumin ya yi zuciya. Can daga wajen gidansa muka ji dum! dum! Muka bar sujada muka kwasa da gudu.

Elda ne, cikin farin kaftaninsa, riƙe da gudumar magina, yana dukan katangarsa yana kuka wiwi.

“Barnabas, ka haukace?” matarsa ta kwala ihu. “Gidanmu ruwan zai shiga!”

“Ya shiga!” ya ce. “Na yi wa Allah zunubi, na yi wa bawan nan.”

Bulo ya rufta. Ruwan da ya yi makonni a kwance, baƙi ƙirin mai wari, ya kwararo tsakar gidansa, ya haye tayil, ya bi ƙarƙashin motarsa ya wuce kwata. Kunya ta kama ni kan zargin da na yi masa.

Baba Andani ya iso a ƙarshe, yana ɗingishi, silifa ɗaya a hannu. Ya dubi ɓaraguzan, ya dubi Elda.

“Elda,” ya ce, “ƙafa ɗaya ka wanke.”

Elda Barnabas ya aika aka ɗebo ruwa mai tsabta, ya durƙusa cikin taɓon.