Zuciyar Farfesa Kenmogne

Wata uku cur Clarisse Ngo Bissohong tana fama da zuciyar da ta gina a cikin kwamfuta, zuciyar kuwa ta ƙi jin magana. Aikin digirinta na uku ke nan a Yawunde: ta gano ta hanyar lissafi yadda ɗakunan sama na zuciya ke daina bugawa bisa ƙa'ida su koma karkarwa. Kafin ta nuna mai ciwo, dole ta fara nuna lafiyayya, kuma a babi na huɗu ake buƙatar wannan.

Lafiyayyen mutum kuwa ba a sha wahalar nemansa ba. Malaminta, Farfesa Kenmogne, shi ya ɓalle maɓallan rigarsa a gaban kowa, aka manna masa wayoyi a ƙirji.

"Ku auna nan," in ji shi. "Shekara sittin da ɗaya, ban taɓa kwana a asibiti ba. Duk Asabar ina buga ƙwallo."

Buga ƙwallon nan dai tsayuwa ce a gefen fili da ba da umarni, sai gasasshen kifi daga baya, amma wa ya isa ya faɗa?

Duk sanda Clarisse ta zuba awon nan a kwamfuta, maimakon wutar lantarkin da ke sa zuciya bugawa ta wuce sumul, sai ta kama juyawa kamar ruwa a bakin rariya. Farfesa ya leƙo ta saman tabarau.

"Madalla, 'yata. Kin ƙirƙiro sabon ilimi. Kin ɗauki zuciyar da ta fi kowace lafiya a ginin nan kin sa mata farfaɗiya. Goge dattin nan, wayoyi ne suka motsa."

A wurinsu haka ake yi. In awo ya saɓa wa lissafi, awon ne ya yi ƙarya, sai a goge shi har ya ladabtu. Saura kwana biyar a rufe karɓar kundi, kuma in Farfesa bai sa hannu ba, sai baɗi. Mahaifiyarta har ta sa an ɗinka ankon biki a garinsu, Edeya.

Ran Talata, takaici ya sa ta ɗauko takardar awon ta asali yadda take, ba gyara, ta kai wa ƙawarta Ewodo, ma'aikaciyar jinya, a wurin mai fanke da wake. Ewodo ta kalla sau ɗaya, bakinta cike.

"Wane tsoho ne wannan? Yana shan maganin hana jini daskarewa?"

"Lafiyayye ne."

"Lafiyayye a gidan wa? Ke, shekara huɗu kina karatun ciwon nan, ga shi a hannunki ba ki gane shi ba? Wannan in an bar shi, wata rana gudan jini zai haye kai, ɓarin jiki ya shanye."

Kunya ta kama Clarisse, haushi kuma ya fi kunyar. Ashe lissafinta daidai yake tun farko! In ta goge, za ta sami sa hannu ran Juma'a. In ta faɗa, babi na huɗu ya rushe, domin ba ta da lafiyayye.

Washegari ta shiga ofishinsa, ta ajiye takardar, ba suna a fuskarta.

"Yallaɓai, wani awo aka turo daga asibiti. Na ce sai gwani ya duba."

Abin nema ya samu. Farfesa ya gyara zama, ya cire murfin biro.

"Kin ga irin abin da nake koya muku. Dubi tazarar bugun, babu biyu da suka yi daidai. Karkarwa ce tsantsa, kuma ta daɗe. Irin mutanen nan ne masu taurin kai, suna haki a matakala suna cewa gajiya ce. Jahilci dai bai yi ba. Iyalinsa me suke jira, sai ya faɗi?"

"Me za a ce masa, Yallaɓai?"

"A ce ya ga likita yau, ba gobe ba."

Clarisse ta juya bayan takardar, inda Farfesa ya sa hannu da kansa wata uku da suka wuce, har da hatimi.

Ya karanta sunansa, ya sake karantawa.

"Babi na huɗu ya tafi ke nan," ya ce a hankali. "Kin san sai baɗi?"

"Na sani."

Ya ture agogonsa sama, ya ɗora babban yatsa a bayan hannu, ya matsa nan, ya matsa can, yana neman bugun jijiyarsa bai samu ba. Takardu tamanin ya wallafa a kan zuciya. Ya ɗago, fuskarsa ta yi fari fat, muryarsa ba ta Farfesa ba.

"'Yata, a ina ake taɓawa?"